Baba Sule da Hantar da Ta Ƙi Buɗuwa

Duk wanda ya zauna a layinmu na Tudun Wada ya san Baba Sule ba ya fita gida sai da abu biyu a aljihun gaba: carbi da ƙaramar sukundireba mai jan ƙota. Carbin na Ubangiji ne. Sukundirebar kuwa ta duk abin da tsautsayi ya kawo gabansa ce: rediyo, fanka, tocila, kwaɗon shago. In ka ce masa abu ya lalace, kai ko ba ka ce ba, sai ya karkata hula ya ce, "Buɗe mu gani."

Wasunku na nan ranar da ya sauke agogon masallaci, agogon da bai taɓa yi wa kowa laifi ba. Ya baje shi a kan tabarma, ya leƙa, ya gyaɗa kai, ya mayar. Agogo ya ci gaba da tafiya, amma ƙananan kusoshi uku suka yi saura. Liman ya ce, "Malam Sule, waɗannan fa?" Ya jefa su aljihu ya ce, "Almubazzarancin Bature ne, Allah gafarta Malam."

Shekarunsa na ƙarfi duk a masaƙa ya yi su, a Kakuri, yana gyaran injuna har ranar da aka rufe ƙofa aka sallami kowa. Ni kuwa, Hamisu mai sayar da yadi, ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar, amma bencin ƙofar shagona nan ne ofishinsa. Shi siriri kamar sillen kara, ni kuma, to, kun dai gan ni. Mai Tumbi yake kirana, ko a gaban surukaina.

A shekarar da aka yi yajin aikin nan na kuɗin fetur, gari ya tsaya cik kwana da kwanaki, bayan an buɗe hanyoyi da kamar mako biyu, muna zaune da hantsi yana shan shayi sai kofi ya suɓuce daga hannunsa. Ya buɗe baki zai yi magana, harshe ya yi nauyi. Kafin in gama salati in nemo mai keke, abin ya sake shi. Ya ce ba komai, iska ce. Ni kuwa na tuna yayansa Mudi, wanda da irin wannan ya fara, wata uku tsakani ɓarin jikinsa ya shanye, bai sake tashi ba. Na ce, "Baba, ko ka hau keken nan da ƙafarka, ko in kira Inna Asabe ta hau da kai." Inna Asabe matarsa ce, kuma ita kaɗai ce injin da bai taɓa gigin buɗewa ba. Ya hau.

Allah da ikonSa, likitar da muka tarar Dakta Rifkatu ce, 'yar Ayuba na Romi, abokin aikinsa a masaƙa. Tun tana 'yar firamare take kai wa babanta abinci bakin get, Baba Sule yana gyara mata takalmi da waya. Ta yi gwaje-gwajenta, bayan kwana biyu muka koma. Ta ce jininsa ya hau, ga magani. Wannan bai yi musu ba, don ya san geji, ya san abin da tururi ke yi wa tukunya in ya yi yawa. Sai ta ce akwai na biyu: kitse ya yi yawa a jininsa, wanda suke kira kolestarol, shi ke taruwa a jijiyoyi yana rage hanya, abin da ya faru a benci gargaɗi ne. Ta rubuta masa wata ƙwaya, ɗaya kullum bayan isha'i.

Baba Sule ya miƙe tsaye, ya ɗaga riga har haƙarƙarinsa suka fito a jere.

"Rifkatu, dubi nan. Ina kitsen? Ko dai jinin wannan kuka auna?" Ya nuna ni da haɓa.

"Baba, naka ne. Yawancin kitsen nan ba daga kwano yake zuwa ba, hantarka ce ke ƙera shi. Akwai gidajen da gado ne."

"Hanta? To ƙwayar me take yi wa hantar?"

"Tana rage mata aikin."

"Ta yaya?"

A lokacin layin marasa lafiya ya kai har bakin baranda. Ta ce, "Baba, ka dai sha. In an samu sarari zan yi maka bayani."

Muna fita ya ninke takardar ya ce, "Mai Tumbi, shekara ashirin da shida ban taɓa zuba wa inji abin da ban san aikinsa ba. Ba zan fara da kaina ba."

Na ɗauka wasa ne. Ashe an shiga uku. Inna Asabe ta sayo maganin kitsen, ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, ya ajiye a kan rediyo. Kwana ɗaya, kwana biyar, kwana goma. Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta tuna masa Mudi. Ya ce shi ma yana tunawa, amma sai ya gani.

Wata safiya ya zo shago da ƙwaya ɗaya a takarda. Ya shimfiɗa ta a kan teburin yankan yadina, ya ɗora bakin sukundireba, ya buga da tafin hannu. Ta tarwatse. Ya sa tabarau ya daɗe yana tona garin.

"Ka gani ko? Babu komai a ciki. Alli ne!"

Na ce, "To Baba, da me kake tsammani? Ƙaramin bakanike da sifana?"

"Ko da zare ne ai sai a gani."

Washegari ya ce in raka shi mahauta. Muka tsaya a teburin Isa mahauci. Baba Sule ya sa aka ɗauko masa hantar saniya guda, ya juya ta, ya latsa, ya shinshina, ya sa aka tsaga nan, aka tsaga can. Ya ga 'yan ramukan jijiya ya zura sukundireba a ciki. Mutane suka fara taruwa. Isa ya ce, "Baba, saya za ka yi, ko ɓatan kuɗi ka yi a cikinta?"

"Injin nake nema. An ce a nan ake ƙera kitse."

"Wallahi tun ina yaro nake fiɗa, ban taɓa cin karo da inji ba. Ga dai matsarmama nan, in ka fasa min ita kai za ka cinye hantar duka."

Bayan ya ɓata wa bawan Allah hanta guda, sai ya sayi yanki kamar yatsa biyu, ya kuma nemi gyara. Na ce soyawa za a yi? Ya ce a'a, asibiti za mu.

Jama'a, da idona na gani. Muka bi layi, aka kira mu, ya zauna, ya kwance baƙar leda a kan teburin likita, kusa da abin awon jini. Ma'aikaciyar jinya ta ce, "Yesu!" ta ja baya. Dakta Rifkatu ta dubi hantar, ta dubi Baba, ta tambaye shi kwana nawa ya sha ƙwayar. Ya ce ko ɗaya. Sai na ga fuskarta ta canja. Ta tashi ta rufe ƙofa, ta ce wa ma'aikaciyar a ba ta minti goma. Ta ce, "Baba, babana ya ce ba a taɓa cin ka da gardama ba, sai dai da zane. Ba ni biro."

Ta juya bayan wata takarda ta zana babban ɗaki.

"Wannan hanta ce. Ka ɗauke ta masaƙa. Akwai layin injuna a ciki, kowanne yana miƙa wa na gaba, a ƙarshe kitsen nan ya fito. Injunan sun yi ƙanƙantar da ido ba ya gani, shi ya sa ba ka same su a mahauta ba."

"To me ya sa ba za a rufe kamfanin gaba ɗaya ba, kamar yadda aka yi mana?"

"Don jiki yana bukatar kayan. Da shi ake gina bangon ƙwayoyin jiki, da shi ake haɗa ruwan matsarmama mai narkar da maiƙo. Naka kamfanin dai ya fi ƙarfin kasuwa. Abin da ya yi saura yana yawo a titi, wato jini, yana zubewa a gefen hanya har hanya ta tsuke."

"Ƙwayar fa?"

Ta zana wani ɗan akwati a farkon layi ta kewaye shi. "Wannan injin shi ke saita gudun sauran. Ƙwayar tana zuwa ta zauna a bakinsa, sai ya rage gudu. Hanta ta duba sito ta ga kaya sun yi ƙasa. In kai ne mai sito, me za ka yi?"

Baba Sule ya ƙura wa zanen ido. Can ya ce a hankali, "In buɗe get, in kwaso na waje."

"Abin da take yi ke nan. Tana ƙara ƙofofi, tana janyo na cikin jini."

Ya buga cinya har ledar ta motsa. "Allahu Akbar! Ashe bawul ne! Yarinyar nan, me ya hana ki ce bawul tun ranar farko?" Ya ƙara matsowa. "To me ya sa sai bayan isha'i?"

"Irin wadda na ba ka ba ta daɗewa a jiki, hanta kuma ta fi ƙera kitsen lokacin da kake barci."

"Masu aikin kwana," ya ce yana gyaɗa kai. "Dama su ne ba a sa wa ido. To ita ƙwayar, in ta gama aiki wa ke share ta?"

"Hantar dai. Shi ya sa na auna lafiyarta kafin in ba ka, kuma zan sake aunawa. Ba kasafai take cutar da ita ba, amma ba na so ka haɗa ta da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba. In ka ga idonka ya yi rawaya, ko fitsari ya yi duhu, ko naman jikinka ya dame ka da ciwo, ka zo."

Ni duk wannan lokaci dariya nake ƙunshewa, har ta kuɓuce. Ai kuwa ya juyo.

"Rifkatu, shi wannan an taɓa buɗe shi?"

Na ce lafiyata lau, Allah ne mai tsarewa. Gaskiyar magana, wadda ban faɗa ba sai yau, tsoro nake ji. Ba na allura ba, na abin da za a gano.

Ya ce, "To ga sharaɗi, likita shaida. Ni zan sha ƙwaya, kai za ka ba da jini a auna. Ka yarda?" Don a rabu lafiya ya sha magani, na ce na yarda. Ya kama hannuna ya girgiza. Da zai fita ya tura mata ledar ya ce ta kai wa Ayuba. Ta ce ta gode, a kai wa Inna.

A daren ya fara sha. Takardar zanen kuwa ya kawo mini, ya ce rubutun likita ko aljani ba ya karanta shi, in sake masa da ajami. Na samo farar takarda mai kauri, na fere alƙalami, na zana ɗakin da layin injuna da ƙofofi, na rubuta sunan kowanne da tawada, har da jan wasali. Ya sa a gilashi ya rataye a zaure.

Ba a yi wata biyu ba sai ga wata tsohuwa daga Nasarawa, ƙawar Inna Asabe, ta zo da ƙwarya. Ta ji labarin Malam Sule ya faɗi ya tashi, ta kuma ga hatimin da ke rataye a zaure. Tana roƙo a kwafa mata a allo a wanke, maigidanta na fama da jiri. Baba Sule ya ce, "Hajiya, matso ki karanta. Nan me aka rubuta?" Ta ƙanƙance ido ta haɗa baƙi: "Si... to." "Nan fa?" "Ba... wul." Ya ce, "To in kika sha wannan, sai dai ki yi gyatsar masaƙa." Ya zaunar da ita ya yi mata karatun hanta tun daga get har sito, sannan ya rubuta mata ranar da likita ke zama. Tun daga nan duk baƙon da ya shiga zauren nan sai ya yi darasi kafin a ba shi ruwa. Mai karanta mitar wuta ma ya daina shiga, daga waje yake ƙiyasi.

Bayan wata uku aka sake awo. Kitse ya sauka, hanta lafiya. Ya dawo yana taƙama kamar shi ya ƙirƙiro maganin. Abin da ba mu sani ba, daga ranar ya daina sha. Inna Asabe ce ta gano, da ta ga kwalin ba ya raguwa. Da aka koma awo na gaba, kitse ya koma inda ya fito. Dakta ta ce, "Baba, me ya faru?"

"Geji ya nuna daidai, na rufe. Haka ake yi. Wa ke barin famfo a kunne bayan tanki ya cika?"

"Baba, a masaƙa in ka rage bawul geji ya sauka, sai ka cire bawul ɗin ka kai gida?"

Ya cire hula ya sosa kai. Tunda nake da shi ban taɓa ganin an kashe masa baki ba sai ranar. A keke muna dawowa ya ce, "Ayuba ko sifana bai iya riƙewa daidai ba. Ina ya samo wannan yarinya?"

Daga nan bai sake tsallake rana ba, ko da azumi, ko a ƙauye wajen biki. Akwai shekarar da cinyoyinsa suka riƙa tsami kamar ya yi noma. Bai daina sha a ɓoye ba, ya je ya kai rahoto, ta auna, ta sauya masa wata iri, ciwon ya tafi. Wata shekara kuma sukarinsa ya ɗan ɗaga, ta ce maganin kan yi wa wasu haka, amma amfaninsa a wurinsa ya rinjayi wannan, ya rage zaƙi ya ƙara tafiya. Maimakon ya damu, murna ya yi. "Ka ji ikon Allah, Mai Tumbi! Ka taɓa bawul a nan, geji ya motsa a can. Duk layi ɗaya ne. Wanda ya haɗa wannan inji bai bar kusa ko ɗaya a banza ba." Ya rage sukarin shayi daga cokali huɗu zuwa ɗaya, ya kama zuwa Romi gaida Ayuba, rabin hanya a ƙafa.

Ni kuwa alkawarina yana nan inda na ajiye shi. Duk safiya in ya zauna a benci, kafin ya amsa gaisuwa sai ya ƙwanƙwasa cikina da ƙotar sukundireba ya kara kunne. "Yaushe za a buɗe?" In ce bayan sallah. Bayan sallah in ce sai an gama ruwa. An gama ruwa in ce kasuwa ta buɗe, ba mai tsare shago. Ya ce, "Ni na sha nawa jiya. Ina binka." Tun yana faɗa da dariya har ya koma faɗa ba dariya. Wata rana ya ce, "Hamisu," kuma ba ya kiran sunana sai magana ta yi nauyi, "ba don in ci gardama nake yi ba." Na ce na sani, Baba, in sha Allahu mako mai zuwa.

Shekara goma sha ɗaya ya yi bayan faɗuwar kofin nan. Ya aurar da 'ya'yansa mata biyu, ya ga jikoki, ya buɗe musu duk motocin wasan da aka saya musu. Abin da ya kama Mudi bai kama shi ba. Ciwon huhu ne ya kwantar da shi kwana tara, a daminar shekarar da aka yi wahalar sababbin takardun kuɗi. Ko a gadon asibiti sai da ya tambayi yadda tukunyar iskar da aka sa masa take aiki.

Bayan addu'ar bakwai Inna Asabe ta aiko a kira ni. Ta miƙo mini wani abu a naɗe cikin hankici. Sukundirebar ce. Ta ce, "Ya ce in ba ka. Ya ce ba kyauta ba ce, jingina ce. Ranar da ka kawo takardar awo ka nuna mini, ta zama taka. In ba ka kawo ba, ya ce ka san inda za ku haɗu."

Washegari ban karya kumallo ba na tafi asibiti. Dakta Rifkatu, yanzu da furfura ɗaya-ɗaya, ta gan ni ta ga jan ƙota a aljihuna, ta miƙo hannu ta kama damtsena. Sakamako ya fito: kitsen jinina ya fi nasa na farko, hoton ciki kuma ya nuna kitse ya fara kwanciya a hantar kanta. Ta ce an zo da sauran lokaci, amma ba mai yawa ba. Ta ce wannan ba zai hana ni shan ƙwayar ba, sai dai tumbin nan dole ya ragu, kuma za ta riƙa duba hantar. Ta ɗauki biro za ta fara zane. Na ce, "Bar shi, likita. Bawul ne. Ni na rubuta."

Na wuce gidan Baba Sule kai tsaye. Na tsaya a zaure, ƙarƙashin zanen nan da tawadarsa ta fara koɗewa, na miƙa wa Inna Asabe takardar ta bayan labule. Ta daɗe tana riƙe da ita, ko da yake ba ta karanta boko. Sannan ta ce, "To, ya sake ka."

Yanzu kullum bayan isha'i ina haɗiyar ƙwayata, da safe in taka har bakin gada in dawo. Sukundirebar tana aljihun gaba tare da carbi. Ban taɓa buɗe komai da ita ba.

Ya Allah, bawanKa Sulaimanu ya yi rayuwarsa yana leƙa cikin abubuwa, duk abin da ya gani kuma sai ya ce Allahu Akbar. Ka buɗe masa ƙofofin rahamarKa, Ka yalwata masa makwanci, Ka nuna masa abin da ido bai taɓa gani ba. Mu kuma Ka ba mu ikon cika alkawari tun masu binmu suna raye. Amin.